Kurmi da Ƙofar Mata Ciniki Suke Jira, Yabo Ya Ishe Su

Duk Bakanon da ya yi baƙo daga nesa ya san inda zai kai shi. Za a bi da shi ta Gidan Makama, a nuna masa Ƙofar Kudu, a hau da shi Dala in ƙafarsa za ta iya, a tsaya a marinar Ƙofar Mata ya ɗauki hoto, sannan a ƙarasa Kasuwar Kurmi ya sayi 'yar jakar fata ko tandun kwalli na tsaraba. Mai masauki zai yi ta ba da labari cikin alfahari, kuma yana da hujjar yin alfaharin. Amma ranar da bikin 'yarsa ya tashi, ko Sallah ta ƙarato, ko ya tashi gyaran falo, ƙafarsa ba ta komawa can. Kuɗin lefe da na kayan ɗaki da na anko Kantin Kwari suke nufa, ko manyan kantunan Zoo Road, na masu hali kuma su hau jirgi zuwa Dubai. Ra'ayina a nan shi ne, ƙananan shagunan cikin birni, na dukawa da marina da maɗinka da masu turare da masu kayan doki, ba za su rayu da sayayyar baƙo ta sau ɗaya a shekara ba. Abin da zai riƙe su shi ne kuɗin mutanen gari na yau da kullum. Su kuma masu shagunan akwai haƙƙin da za su sauke kafin su cancanci wannan kuɗi, kuma haƙƙin ba baƙo ba ne a wurinsu, domin da shi kakanninsu suka yi suna.

Ciniki ne ya gina cikin birnin Kano tun asali. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma unguwannin da suka kewaye ta sana'a ce ta tara mutanensu: Soron Ɗinki, Dukawa, Majema, Zage da karofinta, sai Alfindiki da Dandalin Turawa inda fataken Arewacin Afirka suka yi masauki har wasu suka zama 'yan gari. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Gat da Murzuk da Tarabulus ta arewa, har Tambutu ta yamma. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne aikin a cikin gidaje ake yinsa, iyali na cin abinci da shi ba tare da sun bar muhallinsu sun tare a wata babbar masana'anta ba, kamar yadda ya gani a Turai. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da majemanmu suka jeme ita ce ke ƙetare Sahara ta isa Turai, a can a riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta hannun Maroko ta bi. Ba duk tarihin ne abin tinƙaho ba, don a wannan kasuwa an yi cinikin bayi, kuma gumin bayi na cikin audugar da aka saƙa. Amma darasin da ya shafe mu a fili yake: birnin ya yi girma ne saboda akwai masu yi, akwai masu saye. Tun da layin dogo ya iso a 1911, nauyin kasuwanci ya fara karkata zuwa waje, Fagge da Sabon Gari da Kwari, daga baya masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Cikin birni ya riƙe sarauta da malanta da sana'ar hannu, kuma ta ukun ce yanzu ke neman suɓucewa.

Mai saye da yawa bai san hannaye nawa ne ke bayan ƙyalle ɗaya da ya gani a rataye a bakin shago ba. Ɗauki zanen baba. Kafin ya isa karofi, wata mata ce a cikin gida ta zauna da allura da zare ta ƙuƙƙulle shi, ƙulli bayan ƙulli, don wuraren da ta ɗaure su fito fari bayan rini. Marini kuma ya riga ya haɗa ruwan karofinsa da baba da toka da katsi, ya bar shi kwanaki yana ruɓa har ya nuna. Yakan tsoma zanen ya murza shi a cikin ruwan, ya ɗago shi ya sha iska, kana kallo launin na juyawa daga kore-kore zuwa shuɗi, ya sake tsomawa, haka zai yi ta yi har sai ya kai duhun da ake so. Daga nan a shanya, a warware ƙullin, a kai wa mabuga. Su kuma su zauna a jere gaban gungumen icce da mabugansu, su yi ta dukansa har ya kwanta ya yi sheƙi. Idan turkuɗi ne irin na Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, a barbaɗa masa shuni a buga har ya riƙa ɗaukar ido. Haka takalmin fata yake: mahauci, mai sarin fata, majemi da bagaruwarsa, mai rini da karan dafi, baduku da basillarsa, da yaron shago mai koyon yanka da ɗinki. Kuɗin da mai saye ya miƙa a shago ɗaya yakan rarrabu ya shiga gidaje biyar ko shida a unguwanni daban-daban, ya zama cefane da kuɗin makaranta da na magani, mafi yawansa kuma a cikin birnin zai ƙare yawonsa. Kayan da aka sauke daga kwantena ribar dillancinsa kawai ke zama a gari, ladan aikin yana can inda aka yi shi.

Akwai kuma abin da masu kukan rushewar tsohon birni ba su cika haɗawa da wannan magana ba. Gini ba ya tsayawa sai da mai zama a cikinsa wanda ke da dalilin yaɓe shi kafin damina. Soron da ake ɗinki a zaurensa, ko rumfar da uba ya bar wa ɗa yana sana'a a ciki, akwai mai kula da rufinta da indararonta. Ranar da sana'ar ta mutu, magada sukan sayar, mai saye kuma ya rushe ya kafa bene mai shaguna, ko ya mayar da wurin sito na kwalaye. Mun ga yadda badala, wadda aka faro gininta tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ke ƙarewa a idonmu, ana yankarta ana gina filaye, kuma mun ga an rushe Ƙofar Na'isa ta asali a 2010 don faɗaɗa titi. Tun 2007 ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita suke cikin jerin wuraren da Najeriya ke fatan UNESCO ta amince da su, har yau ba a wuce nan ba. A ƙarshen 2024 dai hukumar ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, aka yi ta murna. To amma hawan ai ba da iska ake yinsa ba. Sirdi da linzami da likkafa da jalala, alkyabba da rawani da kufta, duk akwai masu yinsu da masu gyaransu, kuma da yawansu a Kurmi da kewayenta suke. Hawa sau biyu a shekara ba zai ciyar da su wata goma sha biyu ba. In babu mai sayen jaka da takalmi da tim-tim a sauran watanni, wata rana za a nemi mai ɗinka kayan dokin a rasa.

Wasu za su ce maganin ai shi ne a jawo 'yan yawon buɗe ido, kamar yadda Fas da Marrakesh suke cika da Turawa masu sayen fata da darduma. Ba na ƙin baƙo, kuma kuɗinsa halal ne. Sai dai sana'ar da ta jingina da baƙo kaɗai tana kan siraɗi. 'Yan'uwanmu na Agadas sun ɗanɗana wannan. Maƙeran azurfa da dukawan birnin sun yi shekaru suna cin kasuwar Turawan da ke zuwa kallon Sahara, sai tawayen 2007 da sace-sacen baƙi da suka biyo baya suka tsayar da zuwansu, dole da yawa daga cikin masu sana'ar suka riƙa ɗaukar kayansu zuwa Yamai da wasu birane neman mai saye. Shigar da tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013 ba ta dawo da cinikin yadda yake ba. Kano ma ta ga irin nata bayan hare-haren Janairun 2012, lokacin da ƙafar baƙi ta ɗauke. Hatta Marrakesh, da duk shahararta, kasuwanninta sun yi tsit a 2020 da annoba ta rufe filayen jirgi. Ban da haka, baƙo yakan sauya abin da ake yi. Shi ƙaramin abu yake so mai sauƙin sawa a akwati, mai araha, wanda zai ajiye a kan kanta. Sannu a hankali baduku ya daina yin takalmin da za a taka shekara uku, ya koma yin 'yan tarkacen ado da ba wanda zai gwada ƙarkonsu. Mai sayen gida shi ne wanda zai dawo ya ce ɗinkin ya warware, shi ne ke tilasta wa mai sana'a ya ƙware. Jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da miliyan 9, ga kuma fataken Nijar da Chadi da Kamaru da ke shigowa sari kullum, ba ta rasa masu saye ba. Abin da ta rasa shi ne hanyar da za ta juyo da ƙafarsu cikin birni.

Hujja mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗa ita ce ta farashi, kuma ba zan raina ta ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, darajar naira ta faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, magidanci na fama da kuɗin masara da na haya. Wanda ke da 'ya'ya bakwai da zai yi wa kayan Sallah, ba adalci ba ne a ce masa ya bar yadi mai araha ya sayi saƙi don kishin tarihi. Ba da shi nake ba, kuma duk wanda ya ɗora wa talaka laifin mutuwar sana'ar gargajiya ya zalunce shi. Da waɗanda nake su ne masu zuba akwati goma sha biyu a lefe, masu raba jakunkunan roba da kofuna ɗaruruwa a wurin biki, masu sayen takalmi ɗan Italiya wanda wataƙila fatarsa daga Challawa ta tafi ta dawo da sunan wani. A wurin irin waɗannan tsada ba ita ce matsala ba, domin abin da suke saya ya fi na Kurmi tsada nesa. Matsalar ita ce an sa musu a rai cewa abin gida na ƙauye ne. Da a ce kowane lefe na masu hali zai ƙunshi zanen baba biyu, da takalmi da jaka na dukawan gari, da turaren wuta na haɗin gida, da kasuwar ta ji a jikinta cikin shekara guda. Sannan ko ga mai matsakaicin ƙarfi lissafin bai tsaya a ranar saye ba. Takalmin fata na ƙwarai in ya tsinke akwai mai gyara a bakin titi, na roba in ya ɓalle sai bola. Hausawa sun riga sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Sharaɗin kawai shi ne ya kasance nagarin ne da gaske, kuma nan ne magana ta juyo kan masu shagunan.

Gaskiya ce mai ɗaci cewa wanda ya shiga Kurmi yau da niyyar sayen kayan gida zai iya fitowa da kayan waje bai sani ba. Akwai murjani na roba, akwai jaka mai kama da fata wadda ba fata ba ce, akwai hula ɗinkin inji da ake sayarwa a matsayin ta hannu, akwai zanen da aka tsoma a rinin kanti na awa ɗaya a ce na karofi ne, sai an kai wanki ya zuba. A 2015 marinan Kano sun yi jerin gwano zuwa fadar Sarki suna kuka da yadin da ake shigowa da shi daga Sin wanda aka kwaikwayi rininsu, kuma kukansu na kan hanya. Amma mai saye ma yana da nasa kukan, domin in an cuce shi sau ɗaya ba ya dawowa, kuma zai gaya wa goma. Abin da ya kamata 'yan kasuwar su tuna yana cikin tarihinsu. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin cewa idan mutum ya sayi riga ko turkuɗi a kasuwar Kano, ya tafi da shi har Barno bai kwance ba, can ya tarar kayan ba su da kyau, yana iya aiko da su a mayar. A cikin kowane ƙunshi an rubuta sunan dillalin da aka yi cinikin ta hannunsa, shi kuma dole ya nemo mai kayan, dokar gari ta sa shi ya mayar da kuɗin. Shekara ɗari biyu ke nan da suka wuce, ba waya, ba rasit na inji, amma mutumin Barno yana sayen kayan Kano hankalinsa kwance. Wannan amana ita ce jarin da ya kai tufafin Kano Tarabulus, kuma ita ce manyan kantuna suke yi mana tallarta yau kamar sabon abu.

Mayar da ita ba ya buƙatar kasafin kuɗin gwamnati. Ƙungiyar marina da ta dukawa da shugabannin layukan Kurmi suna iya yarda a tsakaninsu cewa duk kayan da aka yi da hannu a Kano zai ɗauki 'yar alama mai sunan wanda ya yi shi da unguwarsa da lambar wayar shagon, a kuma rubuta ko rinin baba ne ko na kanti, ko fatar akuya ce ko ta tunkiya ko roba. Wanda ya ga aibi cikin kwanakin da aka yanke ya dawo da kaya a canza masa ko a ba shi kuɗinsa, wanda kuma aka kama ya liƙa alamar a kan kayan kwantena a kai shi gaban shugabannin kasuwa. Ba a hana kowa sayar da kayan waje ba, a dai kira shi da sunansa. Burkina Faso ta bi irin wannan hanya da saƙinta na Faso Dan Fani. A shekarun 1980 Thomas Sankara ya sa ma'aikatan gwamnati su riƙa sa shi, abin da ya raya masaƙa amma ya zo da tilas, ni kuma ba tilas nake kira a yi ba. Matakin da ya fi dacewa da mu shi ne na 2019, lokacin da ƙasar ta yi wa saƙin alamar shaida don mai saye ya bambance na masaƙa da na jabu. Nijar ma ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista don kare sunansu. Babu dalilin da zai sa rinin Ƙofar Mata, wanda ake danganta farkonsa da 1498, ya zauna ba shi da abin da zai raba shi da kwaikwayo.

Sai kuma masu cewa shiga cikin birni wahala ce, kuma su ma ba ƙarya suka yi ba. Lunguna matsattsu, ba wurin ajiye mota, kwata a buɗe, warin Jakara da damina, A Daidaita Sahu da 'yan dako suna gogayya da mai tafiya a ƙasa, ga fargabar gobara a kasuwar da motar kashe wuta ba ta da hanyar shiga tsakiyarta. Matar da ta saba tura keken kaya a kanti mai sanyi, da wuya ta zaɓi wannan. A nan aikin hukuma ne, kuma aikin ba mai ƙyalli ba ne: a rufe magudanan ruwa, a kwashe shara a kan lokaci, a sa fitilu masu aiki da hasken rana, a gina banɗaki mai tsabta musamman na mata, a ware wurin ajiye motoci a bakin kasuwa, a kafa alluna masu nuna layin fata da na turare da na littattafai da na kayan doki. Abin da nake tsoro shi ne irin gyaran da muka saba gani, a rushe rumfuna a gina benaye, a sa kuɗin shago da baduku ba zai iya biya ba, a wayi gari masu sayar da waya da kayan roba sun maye gurbinsa. Duk gyaran da ya kori mai sana'a daga wurinsa ya kashe abin da aka ce za a gyara. A fara da tabbatar wa mai rumfa cewa rumfarsa tasa ce bayan aiki, a rubuce, kafin a kawo tifar yashi ta farko.

Ciniki kansa wasu na ganinsa ɓata lokaci. Mai saye ta ɗaga jaka ta ce, "Alhaji, nawa wannan?" Ya ce, "Hajiya, taya mana." Ta taya, ya girgiza kai ya ce albarka, ta ajiye ta yi kamar za ta wuce, ya kira ta, "Dawo Hajiya, ƙara wani abu, wallahi ko uwar kuɗin ba ki kai ba." A ƙarshe ya sallama, ya ɗora mata ɗan tandu gyara, a rabu da addu'a. Akwai daɗi a cikin wannan, akwai kuma sanayya, domin daga nan ake zama abokan ciniki na shekaru, har mai shago ya san ƙafar 'ya'yanki ya ajiye musu takalmin Sallah. Amma dole a yarda cewa matasa da yawa ba su iya ba, kuma tsoron a ninka musu kuɗi saboda an ga shigarsu yana hana su zuwa. Shagon da ya rubuta farashi a jikin kayansa, ya bar ɗan abin ragi don al'ada, ya karɓi tiransifa ko ya ajiye POS, bai zubar da gadon kowa ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya riga ya koya wa 'yan kasuwa da dama wannan darasi da ƙarfin tsiya.

Kada a fahimci maganata a matsayin yaƙi da manyan kantuna ko da Kwari. Kwari na ciyar da dubban gidaje, kuma ita ce ke tufatar da talakan ƙasashe da dama. Katafaren kantin Ado Bayero da aka buɗe a 2014 ya samar wa matasa aiki, ya kuma nuna wa 'yan kasuwarmu yadda tsabta da tsari ke jawo mutane. Sai dai akwai abin lura a yadda Shoprite ya rufe reshensa na Kano a farkon 2024, shekara goma kacal bayan buɗewa. Babban kamfani lissafinsa a wani gari ake yi, in riba ta ja baya ya naɗe tabarmarsa, kuma ba za a zarge shi ba don haka kasuwanci yake. Mai rumfa a Kurmi ba shi da inda za shi. Gidansa na bayan kasuwa, makarantar allon 'ya'yansa na lungu na gaba, kabarin mahaifinsa na nan kusa. Kasuwar ta ga zuwan Turawa a 1903, ta ga sauyin kuɗi daga wuri zuwa sulalla zuwa naira, tana nan. Garin da ke son tattalin arzikin da ba ya gudu idan abubuwa suka yi tsanani, irin waɗannan 'yan kasuwa ya kamata ya riƙe da hannu biyu.

Inda nake ganin haske shi ne wurin matasan da suka buɗe ƙananan shagunan kansu a 'yan shekarun nan, yawancinsu mata, masu haɗa turaren wuta da humra, masu ɗinkin zamani, masu jaka da takalmi, suna tallar kayansu a Instagram da WhatsApp. Sun iya ɗaukar hoto, sun iya naɗe kaya a kwali mai kyau, sun san abin da amaryar yau take so. Abin da da yawansu suka rasa shi ne hannun da ya ƙware, shi kuwa yana cikin birni zaune yana jiran aiki. Tsohon baduku ya san fata amma har yanzu jakar da ya koya a wurin mahaifinsa yake yankawa. Yarinyar da ta karanta zane a jami'a ta san girman kwamfutar hannu da za a sa a jakar da irin zif ɗin da ba ya lalacewa, amma ba ta san inda ake jima ba. Idan waɗannan biyun suka haɗu, aka rubuta sunan kowa a jikin kayan, aka biya mai aikin hannu haƙƙinsa ba tare da an matse shi don ba ya jin Turanci ba, za a sami kayan da ɗan Kano zai riƙe a Abuja ko Legas ba da kunya ba. Zai fi kyau ma a ce wasu daga cikin shagunan nan a cikin birnin suke, a zaurukan da ke kulle a kusa da Kurmi da Gidan Makama, maimakon dukansu su tare a Nasarawa.

Lokaci ne abin da ba mu da shi da yawa. Karofi da dama a Ƙofar Mata sun bushe, wasu sun cika da shara, kuma mafi yawan waɗanda suka san yadda ake gane ruwan baba ya nuna ta launin kumfarsa da warinsa dattawa ne. Irin wannan sani ba a littafi yake ba, yaro ne ke ɗaukarsa a gefen ubangidansa cikin shekaru, kuma ba uban da zai bar ɗansa ya zauna koyon sana'ar da ba ta kawo cefane alhali ga tuƙin A Daidaita Sahu. Gwamnatin jiha da masarauta da jami'o'i da bankunan da ke Kano suna raba kyaututtuka ga baƙi da jakunkunan taro duk shekara, kuma akasarinsu daga waje ake odarsu. Da za su mayar da wannan oda kaɗai ga dukawa da marina da masaƙan gari, da sharaɗin inganci da ranar kawowa a rubuce, da biyan rabin kuɗi tun farko don mai sana'a ya sayi fata da zare, shaguna da yawa za su sami aikin da zai sa su ɗauki sababbin yara a bana.